Tashi da faɗuwar Bedford: Yadda Birtaniya ta cika duniya da manyan motoci, sannan ta saki sitiyari

A ranar Juma'a, 28 ga Maris, 2025, motar ƙarshe ta fito daga masana'antar Vauxhall da ke garin Luton, arewa da birnin Landan. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ce samfurin Vivaro. Da fitarta aka kashe injuna, aka kawo ƙarshen shekara 120 da aka shafe ana ƙera motoci a garin, lamarin da ya shafi ayyukan mutum kusan 1,100. Kamfanin Stellantis, mai masana'antar, ya ce zai tattara aikinsa a Ellesmere Port, inda yake ƙera motocin kaya masu amfani da lantarki.

Mai karatu a Kano ko Abuja zai iya jin sunan Luton ya wuce, bai tuna komai ba. Amma duk wanda ya yi wayo a shekarun 1960 da 1970 ya san Bedford, babbar motar nan mai dogon hanci da bodin katako, wadda ta yi dakon gyaɗa da auduga da goro da fasinjoji tsakanin ƙauyuka da birane. A Luton aka haife ta, a maƙwabciyarta Dunstable kuma ta girma.

Labarin Bedford shi ne labarin masana'antar manyan motocin Birtaniya a taƙaice. Yaƙi ne ya raine ta, kasuwannin daular mulkin mallaka suka ciyar da ita, sakaci da ƙarancin jari suka kwantar da ita. A yau babu wani babban kamfanin ƙera manyan motocin kaya da ya rage a hannun 'yan ƙasar, har sojojinta ma motocin wani kamfanin Jamus suke hawa.

Jar tuta da tururi

Birtaniya ta shiga harkar mota a makare, kuma doka ce ta janyo hakan. A 1865 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta hana duk abin hawa mai inji wuce gudun mil 4 a awa a karkara, mil 2 a cikin gari, ta kuma wajabta a sa mutum ya riƙa tafiya a gabansa da jar tuta. Sai a 1896 aka sassauta wa ƙananan motoci wannan takunkumi. A shekarar ce aka kafa wani ƙaramin kamfani a garin Leyland da ke yankin Lancashire, wanda daga baya ya ɗauki sunan garin, kuma a shekarar ce Thornycroft ya fito da motar kayansa ta farko.

Waɗannan motoci na farko da tururi suke tafiya. Ƙasa ce mai arzikin kwal, don haka kamfanoni irin su Foden da Sentinel suka ƙware wajen ƙera manyan motoci masu tukunyar ruwa da murhu. Sai an hura wuta an jira ruwa ya tafasa kafin a tashi, kuma dole a riƙa tsayawa a hanya ana ɗiban ruwa. Suna da ƙarfi, suna da nauyi, suna kuma cin hanya. Sun ci gaba da aiki har farkon shekarun 1930, lokacin da gwamnati ta ɗora haraji bisa nauyin mota, injin dizal na kamfanoni irin su Gardner da Perkins kuma ya fara nuna cewa ya fi arha. Saɓani kan makomar tururi ya shiga har cikin iyalan Foden, inda Edwin Richard Foden ya fice, a 1933 kuma aka kafa ERF, mai ƙera motocin dizal, a garin Sandbach ɗin da kamfanin gidansu yake.

Yaƙin da ya sauke doki

Gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ma'aikatar Yaƙi ta Birtaniya ta ɓullo da wata dabara. Maimakon ta sayi dubban motoci ta ajiye, sai ta riƙa bai wa 'yan kasuwa tallafin kuɗi su sayi samfurin da ta amince da shi, bisa sharaɗin cewa ranar da yaƙi ya tashi za ta karɓe motar. Tsarin ya tilasta wa kamfanoni daidaita wasu abubuwa, kamar jerin giya da mazaunin totur da burki, domin sojan da ya koyi tuƙa Leyland ya iya hawa Thornycroft ko Dennis ba tare da ruɗewa ba.

Da yaƙin ya ɓarke a 1914, abin da aka tanada bai isa ko'ina ba. Har bas-bas ɗin birnin Landan aka kwashe ɗaruruwa aka tsallaka da su Faransa suna jigilar sojoji. Zuwa ƙarshen yaƙin a 1918, rundunar Birtaniya na da manyan motoci kusan 56,000.

Abin da ya biyo baya shi ya sauya harkar sufuri a ƙasar. An tara ragowar motocin yaƙi a wani makeken fili a garin Slough ana sayar da su da rahusa, ga kuma dubban tsofaffin sojoji da suka dawo gida da sana'ar tuƙi a hannu. Da yawa suka sayi mota guda suka shiga dako, suka fara ƙwace wa jirgin ƙasa ciniki. Kamfanin Leyland, saboda gudun kada lalatattun motoci su zubar masa da suna, ya sayi dubbai daga cikin nasa ya sake gyara su kafin ya sayar.

Baƙuwa da rigar 'yan gida

Abin mamaki game da Bedford shi ne, motar da duniya ta ɗauka tambarin Ingila ce, jarinta na Amurka ne tun daga ranar farko. Vauxhall ya soma ne a 1857 a matsayin maƙerar famfuna da injinan jiragen ruwa a Landan, ya fara ƙera motoci a 1903, ya koma Luton a 1905. A 1925 kamfanin General Motors na Amurka ya saye shi.

A lokacin, General Motors na haɗa motocin kaya samfurin Chevrolet a Ingila da kayan da ake shigowa da su. Harajin shigo da kaya ya yi tsanani, sannan tattalin arzikin duniya ya durƙushe daga 1929. Mafita ita ce a ƙera motar gaba ɗaya a cikin gida, a kuma raɗa mata sunan gida. A watan Afrilun 1931 aka fito da Bedford ta farko, mai ɗaukar tan biyu, da sunan babban garin gundumar da Luton take ciki.

Sirrinta yana cikin injin: mai silinda shida, na fetur, wanda aka gada daga Chevrolet aka inganta. Ba shi da rikitarwa, yana jure wahala, kayan gyaransa ba su da tsada. Yayin da Leyland da AEC da Foden ke ƙera manyan motoci masu tsada ga manyan kamfanoni, Bedford ta nufi mai shago, manomi, mai sayar da kwal da ɗan kwangilar da ke da mota ɗaya. Cikin 'yan shekaru ta bazu, har kamfanin ya mayar da ganin ta a ko'ina taken tallarsa. Yarjejeniyar Ottawa ta 1932, wadda ta fifita cinikayya tsakanin ƙasashen daular Birtaniya, ta ƙara buɗe mata ƙofofin kasuwannin waje.

Abin da aka bari a Dunkirk

Rundunar da Birtaniya ta tura Faransa a 1939 ta dogara ne kacokan a kan mota, a daidai lokacin da sojojin Jamus ke jan mafi yawan kayansu da dawaki. Amma a ƙarshen Mayu da farkon Yunin 1940, da aka yi wa rundunar ƙawanya a gaɓar tekun Dunkirk, mutane kawai aka iya kwashewa. Sama da sojojin ƙawance 338,000 suka tsira, aka bar motoci kusan 64,000 a Faransa. An umarci direbobi su tsiyaye man inji su bar shi yana aiki har ya ƙone, duk da haka Jamusawa sun gyara da yawa sun ci gaba da amfani da su.

Cike wannan giɓi ya zama batun rai da mutuwa, kuma kaso mai tsoka ya faɗa kan Luton. A tsawon yaƙin, Vauxhall ya ƙera motocin Bedford kusan 250,000. Akwai ƙaramar MW, akwai OY mai ɗaukar tan uku, sai kuma QL, ta farko a gidan da ke ja da ƙafa huɗu, wadda aka ƙera sama da 52,000 tsakanin 1941 da 1945. An mayar da QL motar ɗaukar sojoji, motar sadarwa, tankar mai da kuma mai jan bindigar harbo jirage.

Bayan haka gwamnati ta ɗora wa kamfanin aikin da bai taɓa yi ba, wato tankar yaƙi. Cikin kimanin shekara guda injiniyoyin Luton suka fito da tankar Churchill, da inji mai silinda 12 da suka tsara, kuma tare da kamfanonin da suka yi aiki ƙarƙashin jagorancinsu aka ƙera fiye da 5,600. Jamus ta san darajar wurin. A ranar 30 ga Agusta, 1940, jiragenta suka yi wa masana'antar ruwan bama-bamai, ma'aikata 39 suka rasu.

Sauran kamfanonin ma ba su zauna ba. AEC ya ƙera Matador mai jan manyan bindigogi, Scammell ya ƙera Pioneer mai janyo tankokin da suka lalace, Austin kuma ya yi motar ɗaukar majinyata ta K2, irin wadda Gimbiya Elizabeth, kafin ta zama sarauniya, ta koyi tuƙawa da gyarawa a 1945. Duk da wannan ƙoƙari, sai da Kanada da Amurka suka cike ragowar buƙatar da ɗaruruwan dubban motoci.

Yaƙin ya taɓa Afirka ta Yamma ta wannan fuska. Dubban 'yan Najeriya sun shiga soja, ciki har da waɗanda suka yi yaƙin Bama a Runduna ta 81 da ta 82, kuma da yawa a can suka koyi tuƙi da kanikanci a kan motocin Ingila. Da aka sallame su, sana'ar da suka dawo da ita ta samu kasuwa a tashoshin mota da garejin gyara.

A sayar a waje ko a rasa ƙarfe

Birtaniya ta ci yaƙi, amma ta fito da tulin bashi. Gwamnati ta riƙa raba ƙarfe ga masana'antu gwargwadon abin da kowace ke fitarwa ƙasashen waje. Ƙarancin ƙarfen ne ma ya sa kamfanin Rover ya yi wa sabuwar motarsa jiki da alminiyam. Wannan mota ita ce Land Rover, wadda Maurice Wilks ya tsara don manoma, aka nuna ta a karon farko a Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. Ba a daɗe ba sojoji suka karɓe ta, ta kuma zama motar jami'in mulki, ɗan sanda da malamin asibiti a faɗin Afirka.

Shekarun 1950 su ne ganiyar Bedford. Jamus da Japan na ta fama da sake gina kansu, ƙasashen daular kuma suna tuƙi a hannun hagu kamar Ingila, suna ciniki da kuɗin fam. A 1950 aka fito da samfurin S mai ɗaukar tan bakwai, daga shi aka samo RL ta soja mai ja da ƙafa huɗu. A kan ƙashin RL aka gina korayen motocin kashe gobara da ake kira Green Goddess, waɗanda aka tanada saboda fargabar yaƙin nukiliya, amma aka fi tuna su da fitowa aiki a hannun sojoji lokacin yajin aikin 'yan kwana-kwana na 1977 da na 2002. A tsakiyar shekarun 1950 aka mayar da ƙera manyan motocin zuwa Dunstable, a 1958 kuma Bedford ta miliyan ɗaya ta fito.

Motoci biyu ne suka ɗauki sunan kamfanin zuwa ƙololuwa. TK, wadda ta shiga kasuwa a 1960, ba ta da hanci, direba na zaune a can gaba yana kallon hanya sosai, kuma ita ta cika titunan Ingila tana dakon madara, giya, kwal da kayan gini. Ɗayar ita ce TJ ta 1958, mai dogon hanci. A gida ba ta yi farin jinin TK ba, har aka daina sayar da ita a can a 1975. A waje kuwa ta yi abin da masu zanen ta ba su yi mafarki ba.

Motar da makanikai suka mayar tasu

Abin da ya sa TJ ta karɓu a ƙasashe masu zafi da munanan hanyoyi a bayyane yake. Injinta na gaba, a buɗe, bakanike na iya isa ga kowane sashe da sifana da guduma a gindin bishiya. Hancin na kare direba idan aka yi karo. Sau da yawa kuma ba a sayar da ita a kammale, sai dai kai da ƙashi, wato ƙarafan da ke ɗauke da inji da tayoyi, kafintoci da maƙeran gari su gina mata bodi yadda kasuwarsu ke so.

A Najeriya, kamfanin Federated Motor Industries, reshen UAC, ya riƙa haɗa Bedford a Apapa da ke Legas, kuma yana cikin wuraren farko da aka fara haɗa mota a ƙasar. A Kudu maso Yamma, a kan ƙashin Bedford da Austin aka gina motocin fasinja masu bencin katako da Yarbawa suka raɗa wa suna bolekaja, wato sauko mu dambace, saboda yawan rigimar fasinja da yaran mota. A Arewa, inda layin dogo ya isa Kano tun 1911, irin waɗannan motoci ne suka riƙa kwaso amfanin gona daga kasuwannin ƙauye zuwa bakin tashar jirgi, su koma da gishiri, kananzir da atamfa, fasinjoji kuma na zaune a saman lodi.

A Sudan abin ya wuce gina bodi. Makanikan ƙasar sukan wargaza TJ gaba ɗaya, su ƙara wa ƙashinta tsawo da ƙarfi, su ƙara sifirin, su sake ɗinke ta ta yadda za ta ɗauki lodin da ya zarce wanda aka tsara mata, ta kuma keta yashin hamada. Sun raɗa mata suna sifinja, wato takalmin silifa na roba, saboda laushin tafiyarta. Sana'ar ta shahara har masana daga Jami'ar Bayreuth ta Jamus suka yi nazari a kanta, aka kuma yi fim game da ita. A Pakistan, inda aka haɗa ta shekaru da dama a Karachi, direbobi na kiran ta roket, kuma ita ce ginshiƙin fasahar nan ta yi wa manyan motoci ado da fenti, madubai da sarƙoƙi. A Indiya ma kamfanin Hindustan Motors ya ƙera ta da lasisi.

Wannan nasara na ɗauke da tarko. Tun da motar na sayuwa ba tare da an sauya ta ba, kamfanin bai ga dalilin kashe kuɗi wajen sabunta ta ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a cin kasuwar gobe da ita kaɗai.

Kokawar ƙananan motocin kaya

A ɓangaren ƙananan motocin kaya masu rufi, waɗanda masu burodi, masu gyaran famfo da ma'aikatan gidan waya ke amfani da su, Bedford ta yi sarauta da samfurin CA. Daga 1952 zuwa 1969 an ƙera kusan 370,000. Tana da guntun hanci da ƙofofi masu zamewa, waɗanda direbobi kan bari a buɗe suna shiga suna fita a unguwanni.

A 1965 Ford ya karya wannan sarauta da Transit, wadda rassansa na Ingila da Jamus suka tsara tare. Ta fi faɗi, ta fi ɗaukar kaya, tana kuma tafiya kamar ƙaramar mota. Mai saye na da zaɓin tsawo, ƙofofi da inji iri-iri. Bedford ta mayar da martani da CF a 1969, mota mai kyau, amma ba ta sake ƙwato matsayin farko ba. Tun daga lokacin Transit ke jan ragamar kasuwar Birtaniya, ko da yake ita ma ta bar gida: an rufe masana'antarta ta Southampton a 2013, aka mayar da aikin Turkiyya.

Bango ya tsage

A watan Nuwamban 1959 aka buɗe babbar hanyar M1, wadda ta ratsa ta gefen Luton. Shekara biyu kafin nan, doka ba ta yarda babbar mota ta wuce mil 20 a awa ba. Motocin Ingila an gina su ne don wancan zamani: ƙaramin inji, gidan direba mai sanyi da ƙara, babu wurin kwanciya. Sabbin hanyoyi da ƙarin nauyin da doka ta amince da shi sun buƙaci wata irin mota dabam.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1967 Volvo na Suwidin ya shigo kasuwar da F86, Scania da DAF da Mercedes-Benz suka biyo baya. Motocinsu na da ƙarfi, ga ɗumi, ga gado a bayan kujera, kuma ana samun su a kan lokaci, yayin da mai son motar gida kan jira watanni. Direbobi suka fara zaɓa wa iyayen gidansu abin da za su saya. Shigar Birtaniya Tarayyar Kasuwancin Turai a 1973 ta rushe katangar harajin da ta rage.

A wannan lokaci Leyland, wanda ya riga ya haɗiye Albion a 1951, Scammell a 1955, AEC a 1962 da Rover a 1967, ya shiga auren da ya zame masa alaƙaƙai. A 1968, da ƙarfafawar gwamnati, aka haɗe shi da rukunin masu ƙera Austin da Morris aka samar da British Leyland. Ribar manyan motoci ta riƙa tafiya wajen toshe asarar ƙananan motoci, ga yajin aiki ba ƙaƙƙautawa. A 1975 gwamnati ta karɓe kamfanin don kada ya rushe, a 1979 aka rufe masana'antar AEC ta Southall. Bedford ta fito da TM a 1974 don tunkarar baƙin, sai dai ta zo a makare.

Kasuwannin waje ma suka fara zamewa. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, Ghana ta bi sahu a 1974. Mercedes-Benz da motocin Japan suka shigo da ƙarfi, Toyota Land Cruiser ta ture Land Rover a dazuzzukan Afirka. Da gwamnatin Najeriya ta kafa masana'antun haɗa manyan motoci a shekarun 1970, Leyland ya samu Ibadan, amma Fiat ya samu Kano, Steyr ya samu Bauchi, Mercedes-Benz ya samu Enugu. Sannan farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu a 1982, odar motoci ta ƙafe. Girgizar ta kai har Scotland: rushewar kasuwannin waje irin na Najeriya na cikin dalilan da aka bayar na rufe masana'antar Leyland ta Bathgate, wadda ta daina aiki a 1986.

Shekarar yanke hukunci

A farkon 1986 General Motors ya nemi sayen sashen manyan motoci na Leyland tare da Land Rover, da niyyar haɗe su da Bedford a samu kamfani ɗaya mai ƙarfi. Da labarin ya fita, 'yan majalisa da jaridu suka yi ca, suna cewa ba za a miƙa Land Rover ga Amurkawa ba. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ja da baya, ciniki ya watse a watan Maris. Kafin shekarar ta ƙare, General Motors ya sanar da daina ƙera manyan motocin Bedford.

A 1987 aka sayar da masana'antar Dunstable ga attajirin injiniya David Brown, wanda ya ci gaba da ƙera TJ da motocin soja da sunan AWD. Fatansa na kan kwangilar sabuwar motar soja mai ɗaukar tan huɗu, wadda za ta gaji Bedford MK da MJ. A 1989 aka bai wa Leyland DAF kwangilar, a 1992 AWD ya durƙushe. Sunan Bedford kansa an cire shi daga ƙananan motocin kaya a 1990, aka maye gurbinsa da Vauxhall.

Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Leyland ya haɗe da DAF na Holan a 1987, haɗakar ta karye a 1993, Paccar na Amurka ya saye shi a 1998. Foden, wanda Paccar ya saya tun 1980, ya ƙera motarsa ta ƙarshe a 2006. ERF ya faɗa hannun MAN na Jamus a 2000, sunan ya ɓace a 2007. LDV, magajin ƙananan motocin kaya na Leyland, ya rushe a 2009, kamfanin SAIC na China ya kwashi zanensa ya ci gaba da ƙera Maxus. Land Rover ɗin da aka hana Amurkawa a 1986 ya bi ta hannun BMW da Ford kafin Tata na Indiya ya saye shi a 2008. A 2005 kuma Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta ƙulla kwangilar dubban motocin soja da MAN.

Abin da ya rage

Ba a daina ƙera manyan motoci a Birtaniya ba. Masana'antar Leyland a Lancashire na nan tana fitar da dubbai a kowace shekara, sai dai tambarin DAF suke ɗauke da shi, kuma a Amurka ake yanke shawarar makomarta. Sunan Leyland ya fi rayuwa a Indiya, inda Ashok Leyland, wanda ya soma a matsayin abokin haɗin gwiwa a 1955, ya koyi sana'ar, ya mallaki zanensa, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera bas da motocin kaya a duniya, har ya dawo ya sayi kamfanin bas na Optare a Ingila.

Bambancin da ke tsakanin Ashok Leyland da masana'antar Leyland ta Ibadan abin dubawa ne ga ƙasar da ke sake maganar farfaɗo da haɗa motoci. Dukansu da kayan Ingila suka fara. Ɗaya ya mayar da hankali ga ƙera sassan motar a gida har ya iya tsayawa da ƙafarsa, ɗayar kuma ta dogara da akwatunan kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, ranar da kuɗin waje ya yanke aiki ya tsaya. Ita kanta Bedford ta nuna cewa shekara 55 na suna da ciniki ba sa hana a rufe masana'anta idan mai jarin yana wata nahiya kuma lissafinsa ya sauya.

A Ingila, Bedford ta koma gidajen tarihi da bukukuwan masu sha'awar tsofaffin motoci, ana goge ta ana ɗaukar ta hoto. A hanyoyin Pakistan da wasu sassan Afirka kuwa har yanzu akan ci karo da TJ ɗauke da lodi, sau da yawa da injin wani kamfani a cikinta da sassan da aka ƙera a maƙerar gari. Kamfanin da ya yi ta ya shuɗe fiye da shekara 30, makanikan da suka fahimce ta ne suka hana ta mutuwa.